Auta Ya Kwana a Gida: Godiya Ga Ɗaliban Shari'a na Kongo

Alhamdulillahi. Jiya Auta ya kwana a ɗakin Inna, a ƙasa kan tabarma, don ya ce katifar ta yi masa laushi har bayansa na ciwo. Wata 14 da kwana 9 ya yi a gidan yari yana jiran shari'a. Inna ce ta riƙe lissafin, ni tun a wata na shida na daina ƙirgawa.

Ba zan maimaita labarin ba, kun san shi, kun sha shi a nan har wasu sun gaji da ni. Wayar hannu ta kwance da yaro ya saya da kuɗin guminsa, ashe ta fito daga hannun 'yan fashi. Daga nan sai caji ofis, sai kotu, sai shiru. Yau godiya kawai na zo yi, jikina kuma duk a mace yake, don haka wanda na tsallake ya yafe mini.

Na fara da ɗaliban Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, da malamansu masu kula da ofishin taimakon shari'a kyauta. Su "kilinik" suke ce wa wurin. Ranar da aka fara faɗa mini sunan na ɗauka wajen allura ne, har na ce ai yaronmu ba rashin lafiya ke damunsa ba. A Zariya aka haife ni, na wuce ƙofar Kongo ya fi a ƙirga, ina ganin yaran nan cikin baƙi da fari ina ce musu 'yan gayu a raina. Ban taɓa sanin suna shiga gidan yari da takardu suna tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya ba: me ya kawo ka, yaushe rabonka da kotu, wa ke zuwa duba ka. A irin wannan zagayen suka tsinci Auta. Ba mu muka neme su ba, ba mu ma san da su ba.

Su ne suka fara zaunar da ni suka yi mini bayanin abin da ke faruwa da Hausa, bayan na kusa shekara ina yawo ana karɓar ɗan abin da ke aljihuna. Ashe kotun majistare ba ta da hurumin sauraron shari'ar fashi da makami, tunda laifi ne mai hukuncin kisa, belinsa ma sai babbar kotu. Abin da majistare ke yi shi ne ya sa a tsare mutum kafin lauyoyin gwamnati su duba fayil su ba da shawara, ko akwai tuhumar da za ta tsaya ko babu. Dokar tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, in za a ƙara sai an kawo dalili, Kaduna ma ta yi tata dokar a 2017. A takarda ke nan. Fayil ɗin Auta kuwa ya kwanta a wani ofis da ba zan ambata ba, ƙura ta rufe shi. Kuma ba shi kaɗai ba ne, masu zaman jiran shari'a a gidajen yarin ƙasar nan sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa nesa ba kusa ba. Tun 2019 aka sauya wa wurin suna zuwa gidan gyaran hali. Da na faɗa wa Inna sai ta ce, to wanda halinsa bai ɓaci ba me ake gyara masa?

Akwai yammaci ɗaya da har in mutu ba zan manta ba.

Ana tsakiyar damina, ruwa ya tsuge tun azahar, lungunmu ya zama kogi. Sai ga sallama. Ɗaya daga cikin ɗaliban ce, 'yar ajin ƙarshe, takalminta a hannu, gefen siket ɗinta duk taɓo. Ta ce Auta ya gaya musu wanda ya sayar masa da wayar ya rubuta masa 'yar takarda, ko tana nan? Ni dai na riga na zazzage ɗakinsa sau uku ban ga komai ba, na ce mata babu. Ba ta yi musu da ni ba. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta zauna kusa da ita a tabarma ta ce, "Mama, in Auta ya samu abu mai muhimmanci, wa yake ba ajiya?" Inna ta yi shiru, can ta miƙe ta jawo tsohuwar kwallar da take zuba katin asibiti da takardun gado. A can ƙasa, cikin ledar maganin hawan jini, ga takardar. Yagaggen shafin littafin makaranta ne, da kwanan wata, da kuɗin da ya biya, da doguwar lambar nan da ke jikin kowace waya, da sa hannun mutum biyu. Auta ya ba ta ajiya, ita kuma da yake ba ta karatun boko ta ɗauka takardar adashi ce.

Hannun yarinyar nan na rawa ta ɗauki hotonta. Na ce, "Shi ke nan zai fito?" Ta ce, "Yaya, ba zan yi maka alkawari ba. Mu ɗalibai ne, ba mu da ikon tsayawa gaban alƙali sai mun gama Makarantar Horar da Lauyoyi an rantsar da mu. Amma zan kai wa Malama yau ɗin nan." A duk tsawon watannin nan ita ce mutum ta farko da ta ƙi yi mini alkawari, kuma a daren ne na fara yin barci.

Da za ta tafi Inna ta kwance bakin zaninta ta fito da naira 2,000, kuɗin da na san na maganinta ne. Yarinyar ta ja da baya kamar an miƙo mata garwashi. Ta ce ba sa karɓar ko kwabo, in dai Mama na son ba ta wani abu, jarrabawa za su fara ranar Litinin. Inna ta dafa kanta ta ce, "Allah ya ba ki abin da uwarki ke roƙa miki, 'yar nan." Har yau in ta idar da sallah sai ta sa ta. Sun roƙe ni kada in rubuta sunayensu, na bi. Amma ke mai takalmi a hannu, kin san kanki. Allah ya sa ki zama alƙaliya, Allah ya haɗa ki da miji nagari, Allah ya sa kada ki taɓa tsayawa a ƙofar gidan yari da kwanon abinci.

Malama, wadda ta sa hannu a wasiƙu ta bi fayil har aka tono shi, da lauyan da ya tsaya mana ranar Talata bai karɓi ko kuɗin mai ba, Allah ya saka da Aljanna. Samarin nan biyu da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna a motar haya, Allah ya tsare gabanku da bayanku.

Na san ba a so a fallasa mai alheri, amma yau sai an yi haƙuri da ni. Maman 'Yan Biyu mai ƙosai, duk ranar ziyara sai kin ƙulla na Auta daban, kina cewa wai ragowa ne, alhali da zafinsa. Baba mai shayi na bakin layi, bashin da ka rufe littafi a kansa na gani. Liman da jama'ar masallacinmu, kun sa shi a addu'a ba fashi. Abokan sana'arsa da suka biya hayar shagonsa don kada a ba wani. Da gandiroban nan dattijo da ya taɓa ce wa Inna, "Hajiya, yaronki ba ya faɗa da kowa." Allah ya biya ku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya raba ku da sharrin ƙaddara da tuhumar da ba ku ji ba ba ku gani ba.

'Yan uwa na jini kuma, mun gode. Waɗanda suka zo da waɗanda hanya ta yi wa nisa daga Sabon Gari zuwa cikin birni. Na ji an ce a bar maganar kada ta ɓata sunan zuri'a. Tun jiya dai wayata ba ta huta ba, kowa na cewa dama ya san yaron ba zai aikata ba. Inna ta ce in yi shiru, na yi.

Masu son zuwa barka, don Allah a bari sai bayan la'asar, kuma kada a tsare shi da tambayar yadda ciki yake. Har yanzu da asuba yakan zabura ya tsuguna yana jiran a zo ƙirga su. Bargonsa da bokitinsa ya bar wa wani dattijo da suka zauna ɗaki ɗaya, wanda ya riga shi shiga kuma ba mai zuwa duba shi. Auta ya sa na rubuta sunansa a takarda, gobe in Allah ya kai mu zan kai Kongo.