Cibiyar Lafiyar Mata da Ƙungiya a Gida Ɗaya

Sana'armu kula da jikin mace: tausa, motsa jiki, gwajin hawan jini da garin kunun yara. A gefe kuma muna da ƙungiyar matan unguwa. Masu irin wannan haɗi sun fi yin tuntuɓe a kan kuɗi, don haka asusu biyu ake buɗewa tun ranar farko. Shago a yi masa rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ƙungiya kuma rajistar amintattu, ta nemi takardar SCUML, sashen EFCC mai hana halatta kuɗin haram, saboda banki zai tambaya. Ranar da aka sayi man tausa da kuɗin marayu na ƙungiya, ko da niyyar mayarwa ne, amana ta tafi.

Garin kunu shi ke riƙe shago. Mudu 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A jiƙa waken, a murje ɓawon, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya kowanne daban kafin niƙa. Waken da bai soyu ba gafi yake yi, ya kumbura cikin yaro. Gyaɗa mai funfuna a tsince ta a zubar. In kuma za a ƙulla a kai kasuwa, sai da lambar NAFDAC.

Wajen gwajin jini, mace ta zauna minti 5 tukuna, hannu daidai ƙirji, a auna sau biyu. Ya kai 140/90, asibiti za ta, ba zoɓo ko tafarnuwa ba. Mai ciki da ke ciwon kai da kumburin fuska, a ranar za a kai ta. Masu jego muna lallashinsu su rage kanwa a kunu da zafin ruwan wanka, don likitocin Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa. Wannan magana da uwar miji ake yin ta, ita ke dafa ruwan.

A kan tabarmar tausa ake jin abin da ba a faɗa a taro: duka, rashin ciyarwa, yarinyar da za a cire daga makaranta. Ba a rubuta suna, ba a yanke hukunci. Sai a tambayi matar me take so, a raka ta wurin mai unguwa, Hisba ko lauyoyi mata na FIDA. Ma'aikaciyar da ta fitar da zance ɗaya waje, sallama ce.