Abin da nazarin Ibrananci ya koya mini game da harshe da addini

Lokacin da nake karatun ilimin harsuna, an ba mu aikin nazarin manufofin harshe na ƙasa guda, ni kuwa na zaɓi Isra'ila saboda Ibrananci, harshen da aka daina magana da shi a gida tsawon ƙarnuka sannan ya dawo bakin yara. Abin da na fahimta shi ne addini ne ya adana harshen, amma makaranta ce ta mayar da shi na yau da kullum.

Shekaru aru-aru Yahudawa na karanta Attaura da yin addu'a da Ibrananci, alhali a gida da kasuwa suna magana da Yidish ko Ladino, harsunan Yahudawan da asalinsu Turai ne, ko Larabci. Bahaushen da ya yi makarantar allo zai gane wannan hali, tunda ya haddace surori da Larabci amma ba ya ciniki da shi. Eliezer Ben-Yehuda, jagoran farfaɗo da Ibrananci wanda ya isa Kudus a 1881, ya ƙudura cewa ɗansa ba zai ji wani harshe a gida ba sai Ibrananci, ya kuma duƙufa wajen rubuta ƙamus. Sai dai ƙamus kaɗai bai isa ba. A 1913 malamai da ɗalibai suka yi bore da aka so a riƙa koyarwa da Jamusanci a kwalejin fasaha ta Technion da ke Haifa, har Ibrananci ya yi rinjaye, kuma daga 1949 aka buɗe azuzuwan da ake kira ulpan domin koyar da manyan da suka yi ƙaura zuwa ƙasar.

Darasi na biyu ya fi sa ni tunani. Ba masu tsananin riƙo da addini ne suka jagoranci wannan aiki ba, wasunsu ma sun ƙi shi, domin a ganinsu harshe mai tsarki bai dace da hirar titi ba, kuma har yau a unguwar Mea Shearim ta Kudus akwai gidajen da Yidish suke yi. Duk da haka addini ya shiga tsarin ƙasar sosai. A 1947 David Ben-Gurion, wanda daga baya ya zama firaministan Isra'ila na farko, ya rubuta wa Agudat Israel, ƙungiyar Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, wasiƙar alkawari kan hutun Asabar, da dokokin abinci, da aure, da ilimi. Shi ya sa daga faɗuwar rana ta Juma'a motocin bas na jama'a ke tsayawa a yawancin garuruwa, jiragen El Al, kamfanin jiragen saman Isra'ila, ba sa tashi, auren Yahudawa kuwa yana hannun malamansu, kamar yadda na Musulmi ke hannun kotunan shari'a, tsarin da aka gada daga Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Abin da ban yarda a ɓoye a irin wannan nazari ba shi ne asarar da nasarar ta jawo. Jikokin Yahudawan Iraki da Yaman da Maroko da yawa ba sa jin Larabcin kakanninsu. Larabawa kuwa, waɗanda su ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar, sun ga dokar 2018 ta ayyana Ibrananci kaɗai harshen ƙasa, ta bar wa Larabci matsayi na musamman, bayan ya kasance harshen hukuma tun 1922, zamanin da Turawan Ingila ke mulkin Falasɗinu.