Harafin da Jariri Ya Juya Kansa Ƙasa

A wata na uku da fara koyon Sinanci a Beijing, malamarmu ta rubuta 育 a allo, ta ce kowa ya cika shafi biyu da shi kafin gobe. Ana karanta shi "yu", da karin sauti na 4, wanda murya ke faɗowa daga sama. Wannan bai dame ni ba, don kunnen Bahaushe ya saba da irinsa a "yara" da "kai". Wasalin ne ya ba ni aiki: ka tsuke leɓe kamar za ka ce "u", amma harshe yana inda yake idan za ka ce "i".

Zanensa 8 ne. Na ɗauki littafin nan mai gida-gida, wanda aka raba kowane gida huɗu, na yi ta jerawa har yatsuna suka yi tsami. Hannu ya haddace, ido bai san abin da yake gani ba. Ranar gwaji aka ce mu rubuta 教育, wato ilimi, sai na sa 盲 a gurbin na biyun. Sun yi kama ƙwarai, amma shi ma'anarsa makanta. Malama ta zagaye shi da jan biro, ta ce in tsaya bayan darasi.

Ba ta yi min faɗa ba. Takarda ta jawo, ta zana min tsohuwar siffar harafin kamar yadda aka same ta a ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru na daular Shang, wata tsohuwar daular Sin, waɗanda aka tono a birnin Anyang, masu fiye da shekara 3,000. Mace ce, ga jariri a ƙarƙashinta kansa yana ƙasa. Ta ce saman 育 na yau shi ne 子, wato ɗa, an juya shi. Ƙasan kuma, da na ɗauka farin wata ne don yana kama da 月, asalinsa 肉 ne, tsoka, jikin mutum.

Nan take kakata ta faɗo min a rai. Ungozoma ce, kuma tun muna yara muke jin ta tana cewa in kai ya fara fitowa, an gode Allah. Ashe abin da na yi ta zanawa dare guda ke nan ban sani ba.

Malama ta ƙara da cewa Xu Shen, wanda ya haɗa ƙamusun haruffa wajen shekara ta 100 miladiyya, ya fassara 育 da renon ɗa har ya zama mai aikata alheri. Mu tarbiyya muke cewa. Abin ya burge ni, cewa kalmarsu ta ilimi koyarwa ce haɗe da reno, ba a raba su ba. Daga nan sauran kalmomin suka zo da sauƙi: 生育 haihuwa, 发育 girman jiki, 体育 wasannin motsa jiki, wato renon jiki.

Na sauya yadda nake karatu. Kafin in cika shafi da sabon harafi, sai na warware shi na tambayi asalin kowane sashe. Ba kowane ke da labari irin wannan ba, da yawa wani ɓangarensu sauti kawai yake nunawa. A gwaji na gaba 教育 ya sake fitowa. Na ɗiga ɗigon farko, na ja layin, na tabbatar jaririn yana nan kansa a ƙasa, sannan na gangara zuwa jikin.