Jejin Hajaratu

Yau ƙanwata ta turo mini hoton wani zane, wai in ga kyan bishiyoyi. Aikin Claude Lorrain ne, Bafaranshe, na 1646. Sai da na ƙura ido na lura da mutum biyu a ƙasa: Hajaratu ce, ta gudo daga hannun uwargijiyarta da ciki, da mala'ikan da ya tare ta, kamar yadda yake a Littafi Mai Tsarki, Farawa sura 16.

Littafin ya ce jeji ne, amma mutumin nan ya cika wurin da kore shar, ga ruwa, ga gari can nesa. Baiwa ce fa, ba ta da gata. Ni dai a ganina, ya zana yadda jejin ya koma mata ne bayan ta san Allah ya ji kukanta.