Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Songhai da Ba Ta Faɗi Ba

Makon jiya na yi alkawarin kawo labarin shekarun da na yi ina neman aiki. Ku yi haƙuri, ba shi za ku ji yau ba, dama babu komai a cikinsa sai jira. Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da Yaya ya yi a gaban 'ya'yansa, wai shi ne ya fara ɗora ni a kan zanen taswira. Ina zaune ya faɗa. Ban ce uffan ba saboda girmansa, amma a nan zan rubuta yadda aka yi.

Kawu ne ya ɗora ni, Allah ya jiƙansa, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san haka. Safiyo ne, a daji ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan sarƙar awo da kafa turaku. Yana da wani tsohon littafin taswira wanda bangonsa ya rabu da jikinsa, ba ya yarda kowa ya taɓa sai ni. Nakan ɗora takarda mai shara-shara a kan shafin Afirka in bi bakin teku da fensir, in bi koguna, sauran kuma in cika da abin da raina ya so. Lokacin ban san akwai wasu mutane a duniya masu irin wannan ciwon ba, masu ɗaukar wata rana guda a tarihi su ce da abin bai faru haka ba fa, sannan su zana duniyar da za ta biyo baya. Na zaci ni kaɗai ne.

Ranar da na ɗauka ita ce ta Tondibi. Tun da malamin tarihi ya ba mu labarin ban huce ba. A ƙarshen 1590 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya turo runduna ta kimanin mutum 4,000 a ƙarƙashin Judar Pasha, wani bawan fada haifaffen Sifaniya, suka keto Sahara da bindigogi. A watan Maris na 1591 suka yi karo da Askiya Ishaƙ na Biyu, sarkin daular Songhai, a Tondibi, arewa da Gao, babban birninsa. Mutanen Askiya sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Suka koro garken shanu don su tattake sahun baƙi, ƙarar bindiga ta juyo da shanun kan masu su. Gao ta faɗi, Timbuktu ta faɗi, Jenne ta bi baya, a 1594 kuma aka tasa ƙeyar malaman Timbuktu zuwa Marrakesh, har da Ahmad Baba. Ni kuwa na ce ban yarda ba. Na ɗauki koren fensir na shafe takarda tun daga Tekun Atlantika har Bahar Maliya, na rubuta Songhai da manyan baƙaƙe, na kai wa Kawu ina taƙama.

Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Ɗan nan, ƙasa kam ka ba su. To wa zai ba dawakinsu ruwa?"

Na ce, "Kawu, ai zane ne kawai."

Ya ce, "In zane ne kawai, zana fure."

Bai ƙara ba. Washegari ya zaunar da ni ya nuna mini yadda su suke bi. Ruwa ake fara sawa: kogi, tafki, rijiya. Sai tudu da kwari da inda damina take kaiwa. Sai hanya, domin hanya ruwa take bi. Sai gari, domin gari a mahaɗar hanya yake tsirowa. Iyaka ce ƙarshe, kuma sau da yawa kafin ka zo kanta ta riga ta zana kanta. Har yau haka nake yi, ban sauya ko ɗaya ba.

Da na bi wannan tsari sai koren ya fara tsukewa. Ƙarfin Songhai doki ne da kwalekwale. Doki ba ya shiga kurmin kudu, ƙudan tsando zai sa masa sammore ya mutu a tsaye, kwalekwale kuma iyakarsa inda kogin Neja ya kai. Mosi suna nan kudu da lanƙwasar kogin, Askiya Muhammadu da kansa ya kai musu yaƙi a ƙarshen ƙarni na 15 bai iya haɗiye su ba. Kanta na Kabi ya ɓalle tun a zamaninsa, ya tsaya da ƙafarsa. A gabas ga Borno ta Mai Idris Alooma, wanda ya riga ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi. Duk waɗannan suna nan ko an ci Tondibi ko ba a ci ba. Wanda ya shafe su da launi ɗaya don kawai Askiya ya yi nasara a yini guda, bai san ƙasar ba.

Tambayar Kawu ce ma ta ba ni mafita. Na gane cewa ba a fagen daga ya kamata in juya tarihin ba, domin shanu da mashi ba za su ci bindiga ba ko sau nawa aka sake. A hanya zan juya shi. Ibn Battuta da ya bi ayari a 1352, kwana 25 ya yi daga Sijilmasa ta ƙasar Maroko kafin ya isa Taghaza, garin gishiri, kuma wata biyu cur kafin Walata. Runduna mai ɗauke da albarushi da igwa a irin wannan hanya rayuwarta tana hannun rijiyoyi ƙalilan. A duniyata sai na sa labari ya iso Gao da wuri, Askiya ya tura mahaya raƙuma suka cike rijiyoyin zangon ƙarshe da yashi. Judar bai taɓa ganin kogin ba. Na kai wa Kawu wannan, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yanzu ka hana nasu ruwa. Saura naka." Mutumin nan bai taɓa cewa ya yi kyau ba, ko sau ɗaya.

Bayan shekaru da yawa, da na fara ganin taswirorin mutanen wasu ƙasashe, sai na tarar yawancinsu ba su da Kawu. Wannan ya ba Rum duniya saboda ba ta faɗi a 476 ba. Wancan ya ba Jamus rabin Asiya saboda ta ci yaƙin duniya na biyu. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa da Turkawa sun ci Biyana, babban birnin Austriya, da tutarsu ta kai Landan. Ya je ya duba tafiyar Sultan Sulaiman ta 1529. A watan Mayu ya bar Istanbul, bai isa Biyana ba sai ƙarshen Satumba, ruwan sama ya sa ya bar manyan igwoyinsa a taɓo, tsakiyar Oktoba kuma ya juya saboda sanyi ya kawo jiki. A 1683 ma sai a watan Yuli aka kafa sansani a bakin birnin. Biyana ita ce iyakar inda runduna za ta je ta dawo a shekara guda. Ka ba su birnin in ka so, amma daga nan zuwa Faransa wa zai ba dawakinsu ruwa? Na taɓa yi wa wani wannan tambayar, ya ce ina ɓata masa wasa.

To ga inda Yaya ya shigo. Shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare, taswirorina sun cika wani babban littafi, kowace da shekararta: 1600, 1625, 1650, ina tafe da daular sannu a hankali, sarki bayan sarki. Ranar nan na dawo na tarar ya kwashe littafin ya cinna masa wuta a bayan ɗaki. Wai ƙarya ce mai launi, wai za ta sa in rubuta wa masu jarrabawa tarihin da bai faru ba. Inna ta ce, "Ka yi haƙuri, yayanka ne." Na yi. Tarihi kuwa shi ne darasin da na fi ci a jarrabawar, domin wanda zai karkatar da kogi dole ya san inda yake bi tun asali. Fensiran launin da Yaya yake cewa shi ya saya, Goggo ce ta saya, tana raye, a tambaye ta. Kawu da ya ji labarin ƙonawar bai yi wa kowa faɗa ba, sai ya aiko mini da littafin taswirarsa gaba ɗaya, ya ce in riƙe. Yana wurina.

Abu ɗaya da na yi wanda ko Kawu sai da ya gyara zama shi ne kifar da taswirar. Na karanta cewa al-Idrisi, wanda ya zana wa Sarki Roger na Biyu na Sisili duniya a 1154, kudu ya sa a sama, kuma haka masana ƙasa na Musulmi da yawa suka saba. Na ce to in malaman Timbuktu ba a kwashe su ba, in su ne za su zana ƙasarsu, ai ba za su bi tsarin Mercator na 1569 ba, wanda aka yi don matuƙa jirgin ruwa, wanda yake kumbura Girinlan har ta yi kusan girman Afirka alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Sai na sa Sahara a ƙasa, kurmi a sama, na rubuta Isa Ber a kan kogin yadda mutanen Songhai suke kiransa. Duk wanda na miƙa wa sai ya juya takardar, ni kuma in mayar.

Iyaka ma na daina ja mata layi. Layin da aka ja da rula, irin wanda ya raba Mali da Aljeriya a yau, aikin mutanen da suka zauna a teburi ne bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, kuma a duniyata ba a yi wannan zaman ba. Ikon sarki a wancan zamani kamar hasken fitila yake, da ƙarfi a gindi, yana raguwa har ya ɓace ba ka san inda ya ƙare ba. Don haka kusa da Gao koren mai duhu ne, ƙasashen da ke kawo gaisuwa da haraji mai haske, inda kuwa sai an kai hari ake samun wani abu ɗige-ɗige kawai nake sawa. Da fensir wannan wahala ne. Da na samu kwamfuta na koyi manhajojin zane na QGIS da Inkscape, na ɗauko koguna da tuddai daga bayanan Natural Earth da ake bayarwa kyauta, sai abin ya zo da sauƙi, kowane abu da hawansa, ruwa a can ƙasa, iyaka a sama. Kawu bai ga wannan ba. Da ya gani na san abin da zai tambaya.

Wanda ya ƙone ɗin na sake zana shi daga ka, amma na tsaya cak a 1650, kuma a nan nake har yanzu. Matsalar zinariya ce. Turawan Fotugal sun gina ganuwarsu a Elmina, a gaɓar tekun Ghana ta yau, tun 1482, zinariyar ƙasar Akan ta fara gangarawa teku maimakon ta hau arewa a bayan raƙumi. Rijiyoyin da na cike sun tare Judar, ba su tare jiragen ruwa ba. Ga kuma rikicin gadon sarauta, wanda ko a 1588 sai da ya kai 'ya'yan Askiya Dawud ga yaƙar juna. Wani abokina da muke wannan harka tare yana ta matsa mini in buɗe wa Songhai hanya ta kogin Gambiya ta samu tashar jirgin ruwa, in huta. Na auna, daga Jenne zuwa can sai an ratsa ƙasar Mandinka da tuddan da ke tsakanin kogin Senegal da na Gambiya, kuma ban ga abin da zai sa mutanen wurin su yarda ba. Ya ce daular tawa ce, in yi yadda na so. Na ce masa a taswirar 1675 ina jin Jenne ma za ta ɓalle, bai yi mini magana ba har mako ya zagayo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na nuna wa uwar yaran nan taswirar tun kafin a yi maganar aure, da abin da mahaifinta ya ce da ya ji sana'ar dare ta mai neman 'yarsa.