Jaridar da mai shayi ke iya karantawa

Ƙanena da ke aiki Dubai ne ya turo min hoto a WhatsApp jiya da dare, muna zaune fada nan Tahoua ana jiran shayi na biyu. Abokan aikinshi ne ƴan Indiya su huɗu sun duƙufa kan jarida guda, rubutun duk ƙawanya-ƙawanya kamar an zana da tsinke. Na ce mishi wagga kuma mi ce, ya ce sunanta Dina Thanthi, da harshen Tamil take, kuma nan Dubai ɗin ake buga ta tun 2014. Wallahi abin ya tsaya min a rai har na kasa barci sai da na bi tarihinta.

Wani lauya S. P. Adithanar ya kafa ta a garin Madurai, kudancin Indiya, a 1942. Mutumin ya yi karatu Ingila, ya yi aikin lauya Singafo, in ya so da turanci zai yi jaridarshi manya su tafa mishi, amma ina, sai ya ce a rubuta da Tamil mai sauƙi irin wanda ake magana da shi a kasuwa, kanun labari manya-manya, jimla gajera, ta yadda mai jan keke da leburan da bai wuce aji uku ba zai iya haɗa baƙi ya gane. Masu ilimi sun raina ta da farko, wai ta talakawa ce. To talakawan ne sunka ɗauke ta, teburin mai shayi da shagon aski nan ake karanta ta, ɗaya na karatu da ƙarfi saura na saurare ana gardama, mutane da yawa ma a jikinta sunka koyi karatu. Yau ana buga ta a garuruwa sama da goma, Chennai da Mumbai da Bengaluru duk suna ciki, har talabijin gare su.

Kuma ba ita ce jaridar Tamil ta fari ba fa, wata mai suna Swadesamitran tun 1882 ta fito.

Abin da ya dame ni shi ne mu. Hausawa miliyoyi ne, Zariya ta fidda Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, kenan ta girmi Thanthi da shekara uku. Amma nan Nijar jaridar kullum da muka sani Le Sahel ce, da faransanci, sai ma'aikatan biro. Babana kullum rediyo na manne da kunnenshi, ya san siyasar duniya fiye da ni da na yi lakwal, yana karanta Hausar boko sarai tun ajin yaƙi da jahilci, amma bai taɓa riƙe jaridar safe da harshenshi ba. Ga ƴan Adar cike da Abijan da Libiya, duk labarin gida sai ta vokal, rabi gaskiya rabi ji-ta-ji-ta.

Tunda dai a 2025 anka ce Hausa ce harshen ƙasa, ni jaridar Hausa mai shafi huɗu ma ta ishe ni, a sa farashin albasa da hatsi da labarin damina. Na tura ma ƙanen nawa ya taho min da kwafin Thanthi guda in zai zo sallah, ko ban iya karantawa ina son in nuna ma Baba.