Ashe ba basir ba ne

Shekara biyu cur ina shan maganin basir. Duk wanda na gaya wa ina ganin jini da majina a bayan gida amsarsa ɗaya ce, basir ne ko atuni, sai a haɗo ni da jiƙo a jarka ko a ce in je kemis in karɓi Flagyl, in ɗan ji dama sati biyu abu ya dawo sabo. Har goggona ta fara cewa "anya ɗan nan ba jifa ba ne?" don wanduna duk sun yi min yawa. Sai da wani likitan ciki ya sa aka zura min kyamara ta ƙasa, kolonoskofi suke ce mata, aka gutsuro ɗan nama aka kai gwaji, sannan aka ce kumburin babban hanji ne, kolaitis. Shi da cutar Crohn 'yan gida ɗaya ne, garkuwar jikinka ce da kanta take far wa hanjinka, ba a ɗauka a wajen wani. Kolaitis a babban hanji yake tsayawa, Crohn kuwa daga baki har dubura ba inda ba ta kamawa. Likitan ma sai da ya fara tabbatarwa ba amiba ba ce, wato ƙwayar cutar da ke jawo atuni, ba kuma tibin hanji ba, don a wajenmu su suka fi yawa kuma alamunsu suna kama.

Wautar da na yi ita ce da na ji garau bayan wata huɗu sai na ajiye mesalazin, maganin kumburin hanjin da aka ɗora ni a kai, ga tsada ga shi ba kowane kemis ake samu ba, na ce ai na warke. Wata biyu ban cika ba na koma gidan jiya, sau tara sau goma a rana, dare ma ba barci. Likita ya kalle ni ya ce malam, wannan maganin lokacin da kake lafiya ne ma yake aikinsa. Aka ɗora ni kan firednisolon, wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi, shi kuma ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa. Ya kuma hana ni ibufurofen da diklofenak, waɗanda da nake watsawa in na gaji a kasuwa, don suna iya tayar da ciwon. Farasitamol kawai.

Abinci kuwa kowa da cikinsa, kar wani ya ba ka doka. Ni ƙaramin littafi na saya nake rubuta abin da na ci da yadda na kwana, a nan na gane yajin tsire da ɗan wake da dambun zogale ba sa yi da ni in ciwon ya motsa, nono kuma abin mamaki lafiya lau. Ranakun tashinsa farar shinkafa, koko, ayaba, dafaffen ƙwai, kifi, kaɗan-kaɗan sau biyar maimakon in cika ciki sau biyu. In gudawa ta yi yawa in haɗa ruwan gishiri da sukari, lita 1 ta ruwa mai tsafta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma in bayan gida mai jini ya kai sau 6 a rana ga zazzaɓi ko zuciya tana bugawa da sauri, wannan ba na gida ba ne, asibiti. Ana kuma auna min jini lokaci-lokaci don wannan zubar tana cinye shi ba ka sani ba.

Azumi ma akwai shekarar da na sha goma sha ɗaya na rama daga baya, na ji nauyi sosai amma mara lafiya an yi masa rangwame.

Abin da ya fi ciwon cin rai shi ne kunya. Ran nan a motar Kano zuwa Zariya, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan cikina ya murɗa, ina gumi ina tunanin yadda zan buɗe baki a gaban mutane, ƙarshe na ce direba don Allah tsaya, lalura ce. Wani dattijo a gaba bai ce komai ba ya miƙo min butarsa ta taga. Tun ranar ba na tafiya sai da ledar ruwa biyu, sabulu da wando na canji a jaka, kuma kujerar bakin ƙofa nake biya ko da an ƙara min kuɗi.